Ƙananan hukumomi 774: wa ke riƙe da wuƙa da nama?

Yaron da ya gama sakandare yana neman gurbin jami'a, ko saurayin da zai shiga aikin soja, abu na farko da za a tambaye shi shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A yawancin garuruwan Arewa hanyar samunta sananniya ce. Zai fara da mai unguwa, wanda zai shaida cewa ya san shi ya san mahaifinsa. Daga nan sai dagaci, sai fadar hakimi a buga hatimi, sannan ya nufi sakatariya inda za a ba shi takardar da sa hannun ciyaman ko wakilinsa. Ƙofa huɗu ke nan, amma uku na farko babu sunansu ko ɗaya a kundin tsarin mulkin 1999. Ta huɗun ce kaɗai doka ta sani a matsayin gwamnati. Tsari biyu ne aka ɗora ɗaya a kan ɗaya, na sarauta da na zaɓe, kuma wanda bai raba su a ransa ba, zai daɗe bai gane inda iko yake a ƙasar nan ba.

A rubuce, lamarin ba shi da wuya. Akwai gwamnatin tarayya, akwai jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya Abuja, sannan akwai ƙananan hukumomi 768 a cikin jihohin, da majalisun yanki 6 a Abuja, wato Birnin Abuja da kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Su ne suka haɗu suka ba da 774 ɗin da kowa ya haddace. Kowace ƙaramar hukuma an yanka ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansilanta, kuma a lissafin hukumar zaɓe ta ƙasa mazaɓun sun kai 8,809. Shiyyoyi shida da ake yawan ambata, su Arewa maso Yamma da Kudu maso Gabas, ba mataki ne na mulki ba. Ba su da gwamna, ba su da majalisa, kundin tsarin mulki ma bai kafa su ba. Ma'auni ne da 'yan siyasa suka amince da shi don rabon muƙamai. Haka mazaɓun sanata 109 da na wakilai 360, na zaɓe ne kawai.

Kafin a zo nan an sha tafiya. Zamanin Turawa Arewa larduna ce, kowane lardi da razdan, ƙarƙashinsa di'o-di'o. Amma hukumar da talaka ya sani, wadda yake gani da idonsa kullum, ita ce En'e, wato hukumar gargajiya. Sarki ne shugabanta, hakimai na riƙe da gundumomi, dagatai da masu unguwanni na tattara haraji da jangali. En'e na da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da makarantun elementare da ɗakunan shan magani. Ƙarfinta ya wuce na kowace ƙaramar hukuma ta yau nesa ba kusa ba, domin kuɗin da take kashewa ita ke tara shi daga hannun jama'arta. Tsofaffi kan tuna da ita da kewa, su ce a lokacin an san mai kula da rijiya da mai duba tsaftar kasuwa. Gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa ƙarfin nan ba wanda ke taka masa burki, kuma zaluncin da aka yi wa talakawa da sunan haraji da aikin tilas na cikin abin da ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya ja ragamarta. Wanda zai yi kewar En'e ya kamata ya tuna da fuskokin nan biyu.

Sojoji ne suka fara rage mata fiffike. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya rushe manyan yankuna huɗu ya kafa jihohi 12, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Janar Murtala Muhammad ya mai da jihohin 19 a watan Fabrairun 1976. A cikin shekarar dai, bayan rasuwarsa, gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo gyaran da ya haifi ƙaramar hukuma kamar yadda muka san ta: tsari iri ɗaya daga Sakkwato har Kalaba, majalisar da jama'a za su zaɓa, da kaso daga asusun tarayya. An yanka ƙasar gida 301, bisa ƙa'idar cewa kowace ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000. Sarakuna aka mai da su majalisar masarauta, masu ba da shawara. Tun daga ranar nan hakimi ya rage da daraja da kunnen jama'a, amma kasafin kuɗi ya koma sakatariya.

Shi ya sa taswirar masarauta da ta ƙaramar hukuma ba su hau kan juna daidai ba. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27 amma masarautunta biyar ne: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Katsina na da 34 a ƙarƙashin masarautu biyu, Katsina da Daura. Kuma tun da dokar jiha ce ke tsara sarauta, majalisar dokokin jiha na iya ƙarawa ko ragewa, kamar yadda aka gani a Kano, inda aka raba masarautar gida biyar a 2019 sannan aka soke dokar a 2024.

Yadda adadin ya tashi daga 301 zuwa 774 labari ne da ya kamata a tsaya a kansa, domin nan ne tushen rigingimu da dama. A Jamhuriya ta Biyu gwamnonin farar hula sun yi ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, suna naɗa musu shugabanni ba tare da zaɓe ba. Da sojoji suka dawo a ƙarshen 1983 sai suka share su duka aka koma tsohon adadi. Janar Babangida ya ƙara jihohi zuwa 21 a 1987, lokacin da Katsina ta fita daga Kaduna, sannan zuwa 30 a 1991, lokacin da aka sami Jigawa da Kebbi da Yobe da sauransu, ƙananan hukumomi kuma suka kai 589. Janar Abacha ya cike jihohi 36 a 1996, da Zamfara da Gombe da Nasarawa a ciki, ya kai ƙananan hukumomi 774. Wato duk jihar da ke Najeriya yau, da duk ƙaramar hukumar da ke karɓar kaso daga Abuja, da dokar soja aka yi ta. Ba a taɓa tambayar jama'a ta hanyar ƙuri'a ba. Wasu an yi su ne don buƙata ta gaskiya, gari mai nisa da hedikwata ko jama'ar da ta yi yawa. Wasu kuwa don wani babban mutum na da kunnen fadar gwamnati ne.

Sakamakon shi ne rabon da har gobe ake muhawara a kansa. Kano na da 44, ita ce kan gaba, Bayelsa na da 8. Arewa maso Yamma na da 186, Kudu maso Gabas na da 95. Misalin da 'yan Kudu suka fi kawowa shi ne na Kano da Legas: an kafa su rana ɗaya a 1967, ƙidayar 2006 ta ba kowacensu mutum sama da miliyan 9, amma Legas na da 20 kacal, alhali Kano, bayan an cire mata Jigawa, tana da fiye da ninkin hakan. Alimosho ita kaɗai a Legas ta haura mutum miliyan ɗaya a ƙidayar nan. Mu 'yan Arewa muna da amsarmu, cewa faɗin ƙasa da nisan ƙauyuka ma abin dubawa ne, kuma amsa ce mai tushe. Sai dai bai kamata mu yi kamar ƙorafin nasu ba shi da kan gado ba. Yawan ƙananan hukumomi kuɗi ne, kuma kujeru ne, tun da har wakilan zaɓen fid da gwani na jam'iyyu da shi aka sha lissafa su.

To me ya hana Legas ta ƙara nata? Ta gwada. A 2003, Bola Tinubu yana gwamna, jihar ta ƙirƙiri sababbi 37. Shugaba Obasanjo ya riƙe kason ƙananan hukumomin Legas gaba ɗaya, aka tafi Kotun Ƙoli. A 2004 kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma ta ce sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin kundin tsarin mulki. Dalili kuwa, sunan kowace ƙaramar hukuma a rubuce yake a jadawali na farko na kundin, daga Aba ta Arewa har Zurmi. Sashe na 8 ya ba jiha damar fara aikin, da ƙuri'ar raba gardama da amincewar majalisar jiha, amma kammalawa sai Abuja. Tun 1999 ba a ƙara ko ɗaya ba. Legas ta mai da nata yankunan raya ƙasa, tana raba musu daga kason 20 ɗin da doka ta sani, kuma jihohi da dama sun bi sahu.

Aikin da kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma yana jadawali na huɗu, kuma wanda ya karanta shi zai ga rayuwar yau da kullum ce aka jera. Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Sannan tana da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da noma, da lafiya matakin farko. Dokar filaye ta 1978 ma ta ba ta ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Ba ƙaramin aiki ba ne. Asibitin sha-ka-tafi da mace mai naƙuda za ta fara isa cikin dare, da ajin da yaro zai fara koyon baƙi da wasali, da kwalbatin da zai hana ruwan Agusta cin gidaje, duk a nan suke.

Amma a je kasuwar ƙauye ranar da take ci. Za a ga ma'aikacin haraji da ɗan littafin rasit a hannu, yana bin rumfa-rumfa, yana yagar wa mai tumatir da mai hatsi, yana tsayawa a kara ya karɓi na kowace dabbar da aka sayar. Da yamma kasuwa ta watse, sharar na nan inda take, rumfunan da iska ta yaye tun bara ba a gyara ba, mahauta na fiɗa a ƙasa babu ruwa. Mai tumatir ya biya, bai ga abin da kuɗinsa ya yi ba, kuma bai san wanda zai tambaya ba. Wannan ita ce fuskar ƙaramar hukuma da yawancin mutane suka sani.

A sakatariya akwai ciyaman da mataimakinsa, da sakatare, da kansilolin da aka naɗa su kula da sassa, sannan majalisar kansilolin da aka zaɓa, wadda ita ya kamata ta amince da kasafin kuɗi ta kuma bi diddigin yadda aka kashe. Ƙarƙashinsu akwai sassan mulki, kuɗi, ayyuka, noma, lafiya da walwalar jama'a. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne manyan ma'aikatan nan, su daraktan mulki da ma'aji, ba ciyaman ke ɗaukarsu ba, ba shi ke musu canjin wurin aiki ba. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke yi, kuma gwamna ke naɗa ta. Mai binciken kuɗinsu ma na jiha ne. Ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu tana sama tana duba komai. Ciyaman na iya zama a kujera, amma mutanen da ke sa hannu a takardar fitar da kuɗi sun san wanda zai iya ɗauke su gobe.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. A rabon asusun tarayya na kowane wata, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin kayan masarufi kasonsu ya kai kashi 35. Kusan ɗaya bisa biyar na abin da ake rabawa daga babban asusun ƙasa da sunan ƙauyuka da unguwanni yake fitowa. Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 162, wanda ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta nan kuɗin zai bi. An yi shi ne don jiha ta ƙara nata a kai sannan ta raba. Abin da ya faru a aikace kishiyar haka ne. Kafin kuɗi ya isa sakatariya an cire albashin malaman firamare, an cire fansho, an cire kason masarautu, an cire na horar da ma'aikata, sannan an cire na ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa a gidan gwamnati ake yanke su, a ba da kwangilarsu, ciyaman sai dai ya ji a rediyo. Wasu daga cikin cire-ciren nan halal ne kuma dole ne. Amma da zarar an buɗe ƙofar, babu mai auna inda aka tsaya. Abin da ya rage yakan ƙare a albashi, shi ya sa sakatariyoyi da yawa ba sa cika sai ƙarshen wata.

Kundin da kansa ne ya bar wannan ɓaraka. Sashe na 7 ya ba da tabbacin cewa ƙananan hukumomi za su kasance a hannun zaɓaɓɓu, amma a jimla guda ya damƙa wa jiha ikon yin dokar kafa su, da tsarinsu, da kuɗinsu, da ayyukansu. An ba su rai da hannun dama, an miƙa wa gwamna igiyar da hannun hagu. Har wa'adin mulki ma jiha ke yankewa, shi ya sa wata jihar shekara biyu ne, wata uku. Zaɓen kuma ba hukumar zaɓe ta ƙasa ke yi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta. Shekara da shekaru gwamnoni da dama ma ba su damu da yin zaɓen ba. Sai su naɗa kantomomi ko shugabannin riƙo, wa'adi ya ƙare a sabunta. Kantoma kuwa ya san ba ƙuri'ar kowa ce ta kawo shi ba, don haka fuskarsa na kallon gidan gwamnati, ƙeyarsa na kallon jama'a.

An yi ƙoƙarin toshe ɓarakar. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta hana cire fiye da naira 500,000 a tsabar kuɗi a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Majalisar Tarayya ta amince da gyaran kundi don ba su cin gashin kai a 2022, amma ya faɗi a majalisun jihohi. Sai ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya girgiza ƙasa. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta shi: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma duk inda kantoma ke mulki kada a saki kuɗi.

An yi murna, kuma murnar na da dalili. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna inda ciwon yake. Jihohi suka ruga suka shirya zaɓe cikin 'yan watanni. A Kano, a watan Oktoban 2024, jam'iyyar NNPP mai mulkin jihar a lokacin ta lashe kujeru 44 duka. A Kaduna APC ta lashe 23 duka, a Jigawa ta lashe 27 duka. Jihohin PDP ma haka labarin yake. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, halin tsarin ne. Idan gwamna ne ya zaɓo ɗan takara, hukumar da ya naɗa ce ta sanar da sakamako, to ko an tura kuɗin kai tsaye, hannun da zai karɓa na gwamna ne. Wasu jihohin ma sun yi sababbin dokokin da suka tilasta wa ƙananan hukumomi mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi. A ganina wannan ne babban darasin hukuncin: an warware maganar bututun da kuɗi ke bi, ba a taɓa maganar wanda ke zaune a bakin bututun ba.

Akwai wuri ɗaya da za a iya gwada wannan magana, shi ne Abuja. A can babu gwamna, hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke shirya zaɓen majalisun yanki. A zaɓen Fabrairun 2022, APC na mulkin ƙasa, amma kujerun shida sun rabu biyu: PDP ta ɗauki Birnin Abuja da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji. Ba wai majalisun Abuja sun zama abin koyi a aiki ba ne, malaman firamare a can ma sun sha yajin aiki kan albashi. Amma aƙalla ciyaman ya san ana iya kayar da shi, kuma wannan sanin shi ne farkon jin tsoron jama'a.

Ya kamata kuma a saurari hujjar ɗaya ɓangaren, domin ba duka son zuciya ba ne. A farkon shekarun 1990, lokacin da gwamnatin Babangida ke tura kuɗi kai tsaye kuma aka damƙa wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare, malamai sun yi watanni ba a biya su ba, makarantu suka yi ta rufewa. Har yau ƙungiyar malamai na ɗari-ɗari da duk tsarin da zai mai da albashinsu hannun ciyaman. Sannan akwai ƙananan hukumomin cikin birni, irin su Fagge da Dala da Gwale da Tarauni a Kano, waɗanda titi ɗaya ke ratsa uku daga cikinsu, magudanar ruwa ɗaya ke bi ta cikinsu. Shara da ambaliya a irin wannan wuri ba aikin ciyaman ɗaya ba ne, dole sai an haɗa hannu da jiha. Masu nazarin tsarin tarayya ma na cewa a ƙasashe irin su Amurka jihohi ne ke tsara ƙananan hukumominsu, ba gwamnatin tsakiya ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma hujja ce ta a zauna a tsara haɗin gwiwa a fili, da lissafin da kowa zai gani, ba hujjar riƙe kuɗin mutane a ɓoye ba.

Kason kowace ƙaramar hukuma ba sirri ba ne. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da alƙaluman rabon wata-wata, da sunan kowace ɗaya da abin da ta samu. Ƙungiyar ci gaban gari, ko matasan mazaɓa, na iya ɗaukar adadin su je wurin kansilansu su tambayi nawa ya iso, nawa aka cire, me aka yi da saura. Kansila maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin ɗaurin aure, ba kamar sanata ba da sai an yi tafiya Abuja.

Gyaran da ya rage, wato a karɓe zaɓen daga hukumomin jihohi ko a sake musu tsarin naɗi, a soke asusun haɗin gwiwa daga cikin kundin, a kuma tsayar da wa'adi ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ba abin da kotu za ta iya yi ba ne. Sai an gyara kundin tsarin mulki, kuma sashe na 9 ya ce bayan Majalisar Tarayya ta amince, sai majalisun dokokin jihohi aƙalla 24 cikin 36 sun sa hannu. A nan ne gyaran baya ya tsaya, a zaurukan da gwamnoni suka fi kowa faɗa a ji.